Tarbon da Na Ɗaura wa Ɗan Alhaji

Kuɗin motar da ya kai ni Legas na injin ban-ruwa ne. Wani tsohon inji ne na Baba, wanda ya lallaɓa ya saya shekaru bayan ruwan Tiga ya taso su daga tsohon garinmu. Ni na ɗora shi a bayan babur na kai wa wani mutumin Yako, ya zagaya shi sau uku yana taɓe baki, sannan ya biya. Inna ta karɓi kuɗin ta ɗinke min su a ƙugun wando, har da gargaɗin kada in cire wandon sai na ga teku. Lokacin ina da mata da goyo, ga shi tumatir ya faɗi warwas a shekarar, ba abin da ya rage a gidan sai gaisuwa.

Kai Nura, sauke ƙafarka daga kan jarkar nan, baƙin mai ne a ciki. Tunda kun ce da an gama yankan shinkafa ku ma za ku bi mota, gara ku ji labarin hannun nan nawa daga bakina, kada ku ji shi a majalisa an ƙara masa gishiri.

A Kwanar Dangora na hau tirelar tumatir, can sama kan kwanduna, mu tara. Kwana biyu muna tafe. Muka sauka a kasuwar da suke kira Mil Tuwel, ni kuwa wata guda ina ce mata Mil Tawul, ana ta yi min dariya ban san dalili ba. Dako na fara. Muka kama ɗaki a gidan wata Alhaja, mace mai faɗi, mai murya kamar lasifikar tasha. Mutum huɗu ta ba haya, mu kuwa bakwai muke kwana. Ba ta taɓa leƙa ɗakin ba, takalma take ƙirgawa a bakin ƙofa.

"Aboki, ƙafa nawa gare ku?"

"Bibbiyu, Alhaja."

"To wannan na sauran na aljanu ne?"

"Baƙi muka yi."

"Baƙon da ya yi wata uku ai ya zama ɗan gida. Gobe in na ga takalmi ya wuce takwas, a kwata za ku tsince shi."

Daga ranar muke kwana da takalmanmu a ƙarƙashin kai.

Yadda na shiga gareji kuwa, ba wayona ba ne. Na kai wa wata mai abinci buhun albasa a wani layi, sai na ji janareto a garejin da ke kusa yana tari yana mutuwa, ƙarti uku sun kewaye shi suna ja. Ni kuma kunnena ya saba, tun ina yaro nake kwana da injin ban-ruwa a fadama. Na ce su ba ni sukundireba. Suka dube ni da gammon dako a ka, suka kwashe da dariya, amma suka ba ni. Datti ne a kafireto, ba wani abu ba. Da ya tashi, sai wani dogon mutum mai furfura a gemu ya fito daga ofis ya ce wa ya taɓa injin. Shi ne mai garejin, Oga Sande. Ya ce in zo gobe.

Ba irin garejin da kuka sani ba ne, na tsofaffin bas da a-kori-kura. Ƙasan wurin ya fi tsakar ɗakin amarya sheƙi. Motocin da ake kawowa 'yan gajeru ne masu ƙofa biyu, cikinsu kusan yana shafar ƙasa, mutum biyu kawai suke ɗauka. Ranar farko na tambayi wani abokin aiki ina ake sa kaya, ya ce mai irin wannan motar ba ya ɗaukar kaya, shi ake ɗaukar wa. Kuma lafiyarsu ƙalau ake kawo su. Gudun da kamfani ya ba su ne bai ishi masu su ba, suke so a ƙara.

Abu biyu ake ɗaurawa don ƙarin gudun, kuma kan su biyun nan ake ta musu daga safe har yamma. Ɗaya sufacaja, ɗaya tarbo. Ni da farko cajar waya na ɗauka ake nufi, har na ce ina da ita a ɗaki. Kun san zuga-zugin maƙera? To aikinsu ke nan, su hura wa inji iska don wutar cikinsa ta ƙara ci. Sufacaja da bel ake haɗa ta da inji, injin na juyawa tana juyawa, don haka da ka taɓa totur za ta amsa, kaɗan ka taka kaɗan ta ba ka, da yawa ka taka da yawa ta ba ka. Tarbo kuwa wani ƙarfe ne a naɗe kamar dodon koɗi, hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya shi. Sai hayaƙin ya taru tukuna. Ka taka totur, shiru. Ka ƙara takawa, shiru. Can sai ya zo maka gaba ɗaya, kamar an tokare ka a baya. Ƙaramin tarbo jiran nasa kaɗan ne, ba ka ma lura. Babba kuwa yana iya barin ka ka ƙirga ɗaya, biyu, kafin ya waiwaye ka.

Shekara uku na yi a wurin, har na zama idan mutum ya shigo, kafin ya buɗe baki na san wanne zai zaɓa. Masu furfura, waɗanda suka daɗe da sitiyari a hannu, sufacaja suke tambaya. Za su ce maka sun san ta fi tsada, ta fi shan mai, kuma ba ta kai tarbo yawan doki ba, wato ƙarfin inji, amma suna so motar ta ji maganarsu a lokacin da suka yi ta. Samari kuwa tarbo, ba ma a tsayawa ciniki. Abu biyu ke jan su. Na farko lambar doki da kwamfuta za ta nuna, su ɗauka a waya su tura wa abokai. Na biyu atishawa. Idan ka ɗaga ƙafa daga totur, tarbo kan saki iska, fishsh, duk layin a ji. Wallahi na ga saurayin da ya sa aka sake kwance masa mota don atishawar ba ta kai ta abokinsa ƙara ba. Sufacaja ba ta atishawa, wani siririn kuka take yi kamar injin markaɗe, samari su ce ta tsofaffi ce.

Oga Sande gwani ne, wannan ba zan rage masa ba, kuma duk abin da hannuna ya iya shi ya koya min. Ya ba ni ɗaki a bayan gareji, na rabu da Alhaja da takalmanta. Duk wata ina aiko da abin cefane gida, har na sa aka yi wa Inna rufin kwano. Amma a shekara ta uku ya yi wani kuskuren saye. Ya yi odar saitin tarbo manya-manya har takwas daga waje, suka zo suka zauna a kan kanta suna kallonsa. Sufacaja kuwa babu ko ɗaya, sai an aika an jira sati shida. Daga nan ya canza. Wani abokin aikinmu ya faɗa wa kwastoma cewa babban tarbo bai dace da cikin gari ba, kwastoman ya tafi bai dawo ba. Washegari Oga ya tara mu, ya sallami mutumin a gabanmu, ya ce duk wanda ya sake korar masa mai saye daga tarbo, to ya bi mai sayen.

Sati biyu da yin haka Alhaji Bawa ya zo.

Wata jar mota ce ta fara shigowa, ta Jamus, irin wadda tayoyin baya ke tura ta. Wani saurayi ya fito, bai fi shekara ashirin da biyu ba, fari siriri, da faran-faran ɗinsa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannu. Sunansa Mahmud. A bayansa wata babbar mota ta tsaya, dattijo ya sauko da farar shadda da carbi. Ɗan canji ne, ya shekara talatin a Legas. Mahmud ya wuce wurin kanta kai tsaye, ya ɗora hannu a kan tarbo mafi girma, yana ta zuba Turanci da Oga. Dattijon bai bi su ba. Ya tsaya daga bakin ƙofa yana kallon titi, kamar rakiyar maƙwabci ya yi.

Da ya ji na amsa sallamarsa da Hausa, sai ya yafito ni.

"Samari, mutumin ina ne?"

"Ƙasar Kiru, ranka ya daɗe."

"Ikon Allah. Ni na Doguwa ne, can gefen Falgore. Ya aka baro mutanen gida? Ruwa ya sauka kuwa?"

Muka gaisa sosai, ya tambayi masara, ya tambayi hanyar Tudun Wada ko an gyara. Sai da ya gama zagaye-zagayensa, sannan ya rage murya, idonsa na kan carbi.

"Wancan ne ya matsa sai an ƙara wa motar gudu. Uwarsa ta goya masa baya. Shi kuwa da tuƙi, bai fi wata shida ba."

Da na ji ya ce wancan, na kuma lura tun shigowarsu bai dubi inda yaron yake ba ko sau ɗaya, sai na gane. Ɗan fari ne. Oga Sande da ya ga haka cewa ya yi daga baya, wai tsohon bai damu da yaron ba, kuɗi kawai yake zubarwa. Bai sani ba. Ku kun san yadda abin yake a wurinmu, balle mutanen gefen daji da suka cuɗanya da Fulani. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya zama da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane, ko da kuwa zuciyarsa a hannun yaron take. Mutumin da ya bar shagon canji da rana tsaka ya biyo ɗa gareji, ai ya riga ya faɗi duk abin da kunya ta bar shi ya faɗa.

Ya ce, "Na ji ana cewa iri biyu ne. Ni ban san kansu ba. Kai ɗan gida ne, shi ya sa na kira ka. Cikin biyun nan, wanne ne ba ya ba mutum mamaki?"

Amsar tana bakina. Yaro mai wata shida a sitiyari, mota mai turawa ta baya, ga damina ta kama, ko sufacajar ma da za a bi tawa da an haƙura. Na ɗaga ido, sai na hangi Oga Sande ta saman kafaɗar Alhaji. Ba ya jin Hausa, amma ya daina sauraron Mahmud, ni yake kallo. Na tuna ɗakina na bayan gareji, na tuna mai ɗakina tana da ciki na biyu tun zuwana gida da Sallah, na tuna gammon dako. 

Na ce, "Duk ɗaya ne, Alhaji. Kowanne lafiya lau ne in an bi shi a hankali."

Ya ɗago ya dube ni. Ya daɗe yana dubana, har sai da na sunkuyar da kai.

Ya ce, "To, madalla."

Ya zaro ɗan katinsa mai lambar waya ya sa min a aljihun riga, ya ce ko da wata magana za ta taso. Ya shiga motarsa ya tafi, bai yi wa yaron sallama ba.

Ni aka ba aikin, don a lokacin hannuna ya fi na kowa a wurin. Kwana tara ina kansa. Ban taɓa yin aiki mai tsafta kamarsa ba, kuma ban taɓa yin wanda na tsana kamarsa ba. Kullum Mahmud sai ya zo da yamma, ya kawo mana tsire, ya tsuguna kusa da ni yana leƙen inji. Hausarsa ta 'yan Legas ce, a karkace, yana ce min Baba Sale alhali ban ba shi shekara goma ba.

"Baba Sale, zai yi atishawa sosai?"

"Zai yi."

"Ya fi na abokina?"

"Ya fi. Amma ka ji, wannan abin yana da jinkiri. In ka taka ka ji shiru, kada ka ƙara. Jira shi."

"Na sani, na gani a waya."

Komai ya gani a waya. Katin Alhaji kuwa yana aljihuna, har ya yi baƙi da mai. Sau uku ina danna lambar in goge. Me zan ce? In ce ranka ya daɗe, ƙarya na yi maka? Kuma in ya janye aikin, Oga ya san daga inda iskar ta fito.

Sai na nemi hanyar da zan tsira ba tare da na buɗe baki ba. A gefen tarbo akwai wani ɗan sanda mai zare, shi ke riƙe da ƙofar da hayaƙi ke zillewa in ya yi yawa. In ka sassauta shi, ƙofar ta riƙa buɗewa da wuri, ƙarfin bugun ya ragu. Ranar da zan rufe aiki na faki ido na sassauta shi sosai. Na ce yaro zai sami atishawarsa, uban zai sami ɗansa, ni in sami ɗakina.

Na manta da kwamfuta. Kafin a ba da mota sai an hau da ita kan wasu rodi masu juyawa, a taka ta, allo ya nuna doki nawa ta kai. Mahmud ya zo da abokansa biyu, kowa ya ɗaga waya. Aka taka. Lambar da ta fito ba ta ko kusa da wadda Oga ya yi alkawari ba. Abokan suka fara ƙyalƙyala dariya, fuskar Mahmud ta canza. Oga Sande ya nufi motar. Ya buɗe bonet, ya zura hannu, bai yi minti biyu ba ya juyo.

"Sale, zo."

Na zo.

"Wa ya koya maka sandan nan?"

"Kai ne, Oga."

"To ni za ka ɓoye wa shi? Mutum ya biya kuɗin doki, ka ba shi jaki?"

"Oga, yaron sabon hannu ne. Ga ruwa ana yi kullum."

"Kai ne ubansa? Ubansa ya zo nan, ya ce a yi. Ɗauki sifana."

Na tsaya. Ya miƙo min sifanar da kansa, ya ce ko in ɗaure ko in je in kwashe kayana daga ɗaki yanzu. Duk gareji ana kallona. Na karɓa na ɗaure, zare bayan zare, da hannun nan da kuke gani. Aka sake takawa, lambar ta haura har ta wuce alkawari, samari suka yi ta tsalle. Don in yi masa adalci, Oga ya dafa kafaɗar Mahmud ya ce ya bi ta a hankali sati na farko. Mahmud ya ce ba damuwa, idonsa na kan allo.

Washegari Asabar ya zo ɗaukar mota da hantsi. An kwana ana ruwa, an ɗauke, titi na ta ƙyalli. Ƙa'idar garejin ce wanda ya yi aiki ya zauna a gefe a zagaya da shi sau ɗaya, ya saurari inji. Na ce a bari titi ya bushe. Mahmud ya ce abokansa na jiransa. Na ce to ni zan tuƙa. Ya yi dariya ya ce, "Baba Sale, motata ce fa." Na shiga na ja bel na ɗaure, na ce shi ma ya ɗaura. Wannan kaɗai ya ji daga cikin maganata.

Da farko lafiya. Cikin layi ne, ba wurin gudu, yana ɗan takawa yana ɗagawa don ta yi atishawa, masu shago na leƙowa. Murna kamar ta kashe shi. Ni kuwa idona na kan ƙafarsa ta dama. Muka fito babban titin da ya miƙe ta bakin ruwa, ranar ba cunkoso. A gabanmu akwai wani babban shataletale, bayansa hanya ta buɗe fetal.

Ya shiga shataletalen a hankali, yadda ya kamata. Muna tsakiyar kwana, sitiyari a karye, ya hango hanyar nan a buɗe, sai ya taka. Shiru. Motar ta yi nauyi kamar mai jin barci. Na ga ya ɗan yamutsa fuska.

Na ce, "Jira shi."

Ya ƙara takawa.

"Mahmud, ɗaga ƙafarka."

Ya kai ta ƙasa. Na ji fito ya fara tasowa daga gaban mota, siriri, yana hawa, na san me ke zuwa, don ni na ɗaura shi. Na kai hannu zan riƙe sitiyari. Kafin in taɓa bugun tarbon ya iso. Bayan motar ya fice daga ƙarƙashinmu, na ga shagunan da ke bayanmu sun dawo gabanmu, na ga ruwa, na sake ganin shaguna. Na ji yaron yana salati. Sannan muka haɗu da kankaren tsakiyar titi ta ɓangarensa.

Ban suma ba, da ma na suma. Hannuna na hagu ya karye biyu, ƙashi a waje. Shi kuwa gaban motar ya naɗe masa a ƙafafu, sai da aka kawo masu yankan ƙarfe. Duk tsawon lokacin idonsa biyu, yana riƙe da rigata yana cewa, "Baba Sale, kada a faɗa wa Alhaji."

A asibiti aka ɗaure min hannu aka zaunar da ni a benci a baranda. Shi aka shige da shi ciki. La'asar ta yi, barandar ta cika da 'yan canji abokan Alhaji, manyan mutane da manyan riguna. Uwar yaron tana ciki, ana jin kukanta. Sai ga Alhaji Bawa. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya bi mutane ya gaisa da kowa, suna yi masa jaje yana cewa ba komai, haka Allah ya so. Bai nufi ƙofar ɗakin ba. Wurina ya zo ya zauna.

"Sannu, Sale. Ya hannun?"

"Da sauƙi, ranka ya daɗe."

"An ba ka magani? Ka ci abinci?"

Na gyaɗa kai. Carbin na hannunsa amma ba ya ja, ya dunƙule shi har jijiyoyin hannun sun tashi. Sannan ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Likitocin nan Turanci suke min mai tsawo. Waɗannan kuma kowa cewa yake da sauƙi. Tashi ka shiga ka gano min. Abin da ka gani shi za ka faɗa min."

Na tashi na shiga. An fito da shi daga tiyata, yana kwance, fuskarsa ba ko ƙwarzane. Na dubi bargon da aka rufa masa. Ta hagu bargon ya tashi har ƙarshen gado. Ta dama, daga gwiwa ya kwanta. Ya buɗe ido ya gan ni, ya motsa baki, na sunkuya na ji abin da ya ce.

Daga gadon zuwa benci bai fi taku ashirin ba, amma na daɗe ban iso ba. Na durƙusa a gaban Alhaji.

"Yana da rai, kuma yana cikin hankalinsa. Ƙafar dama babu, daga gwiwa."

Ya yi salati a hankali. Na ce ban gama ba.

"Ranar da ka tambaye ni, na san amsa. Ba ɗaya ba ne. Wanda na ɗaura masa shi ne mai ba da mamakin, kuma na sani tun kafin in taɓa shi. Tsoron aikina na ji."

Na jira mari, ko ya kira 'yan sanda, kuma da ya yi da na ji daɗi. Bai ko ɗaga murya ba.

Ya ce, "Na sani. A fuskarka na gani ran nan. Na hau mota ina cewa in koma in sake tambayarka, in ce a fasa. Sai na ji nauyin a ce na tsaya ina rawar jiki a kan yaro." Ya numfasa. "Ya yi magana?"

"Ya yi. Cewa ya yi in ba ka haƙuri, ya lalata motar."

Nan ne dattijon nan ya kasa. Ya miƙe, carbin ya faɗi bai ɗauka ba, ya ratsa ta tsakiyar abokansa yana tuntuɓe da bakin riga. Tun kafin ya kai ƙofa yake kira, da ƙarfi, a gaban kowa, "Mahmud. Mahmudu. Ga ni nan." Wani tsoho a cikin 'yan canjin ya ce shekara ashirin suna tare, bai taɓa sanin sunan yaron daga bakin uban ba sai ranar.

Alhaji bai kai ƙarar kowa ba, har kuɗin ɗaurin hannuna shi ya biya, abin da ya fi min duka ciwo. Oga Sande ya zo dubiya, ya zauna, ya ce ɗakina na nan in na warke. Na koma na yi kwana huɗu. A na biyar wani saurayi ya shigo da mota, ya ɗaga ƙafa ta yi atishawa a bakin ƙofa, sai ga ni a bayan gareji ina amai. A ranar na haɗa jakata. Na sauka a Kwanar Dangora da hannu a rataye, ba tsarabar kirki, mai babur ɗin da ya kawo ni gida ma bai gane ni ba. Hannun ya haɗe a karkace, amma yana riƙe sifana, ga shi ina ta fama da injinan ban-ruwanku.

Ban ce kada ku tafi ba. Ku je, akwai abin samu, kuma akwai mutanen kirki. Amma kai Nura, tsaya, kada ka tashi tukuna. Jiya da hantsi babanka ya kawo min injinsa wai yana tari. Na ja shi sau ɗaya ya tashi, ba abin da ya same shi. Ya zauna a kan bencin nan da kake kai, ya yi zancen taki, ya yi zancen farashin shinkafa, sai da zai tafi ya tsaya yana kallon hanya ya ce min, "Mutumin naku wai Legas zai tafi. Ko ya wurin yake?"

Ka san kai ne ɗansa na fari. Na ce ya dawo ya zauna. Ban bar shi ya tashi ba sai da aka kira azahar, kuma ban rage masa komai ba, mai daɗi da marar daɗi. Ranar da za ka tafi ba zai ce maka komai ba, ƙila ma ya fice gona tun da sassafe. Ka bi shi can ka same shi, ka durƙusa ka gaishe shi, kuma kada ka yi saurin tashi.